Yadda Ake Koya wa Yaran Firamare Kare Kansu a Legas

A makon farko na zangon karatu na tsaya gaban 'yan aji biyu na jefa musu tambaya: "Idan ka ɓace a kasuwar Mile 12, wani ya tsince ka ya ce wane ne babanka, me za ka ce?" Hannuwa suka tashi kamar ana rabon alewa. Na farko ya ce, "Baba." Na biyu ya ce, "Alhaji." Wata 'yar ƙarama a layin gaba ta sunkuyar da kai ta ce, "Malama, ai ba a faɗin sunan Baba." Da gaskiyarta, haka aka koya mata a gida, haka aka koya mini ni ma. Da na nemi lambar waya, wani ya ce lambar tana cikin wayar Umma.

A Mile 12 kuwa, in ka ɗaga murya ka ce Alhaji, mutum ɗari ne za su waiwayo.

Na daɗe ina koyarwa a wata ƙaramar makaranta a Agege, inda yawancin ɗalibanmu 'ya'yan Hausawa ne: na 'yan gwari, na mahautan da ke aiki a mayankar Oko-Oba, na direbobin tirela, na masu shayi. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne yadda nake bi da wannan darasi na kare kai cikin zango guda, minti goma sha biyar sau biyu a mako. Alli yake buƙata, da ɗan fili, da haƙuri. Uwa ma za ta iya yin mafi yawansa a tsakar gida.

Kafin a fara: bulala da iyaye

Duk abin da za ku koya wa yaro ya ta'allaƙa ne a kan abu guda: in wani abu ya same shi, zai faɗa ko zai yi shiru? Yaron da ya saba in ya zubar da miya a dake shi, in ya yaga littafi a dake shi, ya riga ya haddace cewa faɗin gaskiya duka take jawowa. Ranar da babban abu ya faru, lissafin da zai yi ke nan. Gwamnatin Legas ta hana bulala a makarantu, amma ko babu doka, malamin da ke son yara su kawo masa damuwarsu dole ya saka dorina a aljihun tebur. Ba na cewa a daina tsawatarwa. Ajina akwai tsayuwa a baya, akwai shara, akwai hana fita wasa. Sai dai tun ranar farko nake kafa doka ɗaya, in rubuta ta a saman allo: wanda ya kawo labarin abin da ya dame shi ba ya shan horo, ko da shi ma ya yi laifi a ciki.

Sannan a sanar da iyaye. Kada malama ta kuskura ta yi zancen al'aura a aji iyaye ba su sani ba. Yaro zai koma gida ya ce "Malama ta ce kaza," rabin zancen ya zube a hanya, washegari kina da baƙi a bakin ƙofa. Iyaye maza sukan fita tun asuba, don haka taron rana ba ya samun su. Abin da ya fi yi mini aiki shi ne saƙon murya a zauren WhatsApp na iyaye, da Hausa, bai wuce minti uku ba, sai kuma zama da iyaye mata ranar Asabar. A wannan zaman nake neman izini biyu: a bar yara su faɗi cikakken sunan iyayensu a darasi, kuma a amince mu kira sassan jiki da sunansu. Idan aka ga gardama ta taso, a tuna musu cewa addini ya riga mu: aya ta 58 a Suratun Nur ta koya wa yara neman izini kafin shiga ɗaki a lokuta uku, kafin sallar asuba, da tsakar rana, da bayan isha'i, hadisi kuma ya ce a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma. Da an ji haka fuskoki ke saki.

Mataki na farko: suna, lamba, unguwa

Mako biyu nake ba wannan. Kowane yaro ya iya faɗin cikakken sunansa, na mahaifinsa, na mahaifiyarsa, da sana'ar mahaifin da inda yake yin ta. "Babana yana sayar da albasa a Mile 12" ya fi "Alhaji" amfani sau dubu. Wa 'yar da ke jin kunya sai in ce, "'Yata, a gida ba a faɗa, kin yi daidai. Amma in kin ɓace, faɗin sunan Baba shi ne ladabi, don shi zai maido ki wurinsa."

Lambar waya alƙaluma goma sha ɗaya ce. A yanka ta gida uku, huɗu, uku, huɗu, a rera ta da irin muryar da ake biya karatun allo. Yaran da suka haddace izu guda ba za su gagara riƙe lamba ba. Lamba ɗaya tukuna, ta wanda wayarsa ba ta mutuwa. In ta zauna, a ƙara ta biyu.

Adireshi a Legas da tashar mota ake kwatanta shi. Yaro ya san sunan unguwarsu, sunan layinsu, tashar da ake sauka, da wata alama babba kusa da gida, masallaci ko kasuwa ko gadar Pen Cinema. Kuma ya iya faɗin waɗannan da Turanci ko buroka, domin wanda zai tsince shi mai yiwuwa bai jin Hausa ko kalma ɗaya.

A rubuta duka a ɗan kati, a nannaɗe da leda, a ɗinke a cikin jaka. A ciki, na ce. Iyaye da yawa na son rubuta sunan yaro ɓaro-ɓaro a bayan jaka don kada ta ɓata. Wannan kyauta ce ga mugu: zai karanta, ya kira yaron da sunansa, yaron ya ɗauka ai ya san shi.

Mataki na biyu: titi, dogo, kwata

Wannan ba a koyar da shi a zaune. A fita fili, a zana titi da alli ko toka, da faɗinsa sosai. A sa yara uku su zama danfo, wato ƙananan bas-bas na haya, biyu keke, ɗaya ɗan acaba, su riƙa kai da kawowa suna ƙarar inji da baki. Wannan ɓangaren suna mutuwar sonsa. Sauran su yi layi, su tsallaka ɗaya bayan ɗaya.

A Najeriya mota ta hannun dama take bi, don haka wadda ta fi kusa da kai daga hagu za ta fito. Tsaya a bakin titi, dubi hagu, dubi dama, sake duba hagu, kasa kunne, sannan ka tsallaka da tafiya mai sauri, ba da gudu ba. Haka yake a littafi. A Legas sai an yi ƙari, domin keke da acaba na bin hannun da ba nasu ba. Ko da yake tun 2022 gwamnati ta hana acaba a wasu ƙananan hukumomi, a cikin unguwanni suna nan. Saboda haka sai in raɗa wa "ɗan acaban" namu ya ɓullo ta baibai. Yaron farko da ya kama, aji ya ɗauki ihu, kuma daga ranar ba wanda ke mantawa da duba ɓangare biyu ko a titi mai hannu ɗaya.

Kada a fito ta gaban danfo da ke tsaye ko ta bayanta, don direban da ke tafe bai ganin ɗan guntun mutum. Inda akwai gadar masu ƙafa, kamar a titin Ikorodu, gada za a hau ko da an makara. Layin BRT, wanda aka keɓe wa dogayen bas, yakan yi fayau kamar ba kowa, sai ga doguwar mota ta taho a guje, don haka ba wurin tsayawa ba ne. 'Yan aji ɗaya zuwa uku ni dai ban yarda su tsallaka babban titi su kaɗai ba, komai wayonsu, domin ƙaramin yaro bai iya kintatar gudun mota. Kuma yaya 'yar shekara takwas ba babba ba ce, ko da ita ke goya ƙaninta.

Mu 'yan Agege muna da ƙarin jidali: layin dogo ya ratsa ta tsakiyar gari. Tun 2021 jirgin Legas zuwa Ibadan ke wucewa, a 2024 kuma jirgin Red Line ya fara ɗaukar fasinja. Yara sun tashi suna ganin manya na tsallakawa ta duk inda suka ga dama, har ana kasa kaya a gefen dogo. A gaya musu ƙarara cewa jirgi ba shi da sitiyarin kaucewa, kuma ko direba ya taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya. In jirgi ɗaya ya wuce, a dakata, wani na iya biyowa ta ɗaya layin.

Da damina, musamman Yuni da Yuli, ruwa kan shafe kwata har ba a gane ina titi ya ƙare. Dokar ajina: ruwan da ba ka ganin ƙasansa, kada ka sa ƙafa. In silifa ta tafi, ta tafi. A nan sai iyaye sun taimaka, domin yaro na bin takalmi cikin kwata ne saboda tsoron abin da zai tarar a gida. Wayar lantarki da ta faɗo kuma ba a taɓa ta ko da sanda, ba a taka ruwan da take ciki.

Mataki na uku: jikinka naka ne

Nan ne aikin yake, nan ne kuma malamai suka fi zillewa. Nakan ba shi wata guda cur, in raba maza da mata daga aji huɗu zuwa sama, namiji ya ɗauki maza.

A fara da zane. A zana yaro da yarinya a allo, a tambayi sunan kowane sashe: kai, kunne, hannu, ciki. Za su amsa da ƙarfi. Da kin nuna ƙasan cibiya, aji zai yi tsit, wani ya ƙyalƙyale da dariya. Ki bar su su yi dariyar, kada ki tsawata, kada ke ma ki sunkuyar da kai. Sai ki faɗa da murya irin wadda kika ce "kunne": nan gaba ne, nan ɗuwawu ne, nan ƙirji ne, duka ana kiran su al'aura. Amfanin suna shi ne yaro ya iya ba da labari a gane. Yarinyar da ta ce "Kawu ya taɓa mini abu," ana iya ce mata je ki yi wasa. Wadda ta ce "ya taɓa mini gaba," ba mai ce mata haka.

Daga nan sai dokar kamfai: duk inda kamfai da singileti suka rufe, ba mai gani, ba mai taɓawa, ba mai ɗaukar hoto. Baki ma yana ciki. Ba wanda zai nuna maka nasa, ko ya sa ka taɓa, ko ya nuna maka irin wannan a waya. Togaciya biyu ce kawai: uwa ko mai reno in tana yi wa ƙaramin yaro wanka da tsarki, da likita in Umma ko Baba na tsaye a wurin. Sai yara su fara jero tambayoyi, kuma wannan ne lokacin da ya fi daraja a duk zangon. "Malama, ko Yaya ne?" Ko Yaya ne. "Ko malamin Islamiyya?" Ko shi. "Ko ke?" Ko ni.

Dole a faɗi wannan, domin mun saba tsorata yara da baƙo mai buhu, alhali mafi yawan masu lalata da yara mutanen da yaran suka sani ne: maƙwabci, ɗan uwa, mai shago, mai koyar da darasin gida. Da ɗan gari akan ci gari. Ga kuma irin zamanmu na Legas, gidan haya mai ɗakuna goma sha suna kallon juna, bayi ɗaya, famfo ɗaya, samari 'yan ci-rani cike da ɗakin ƙofar gida, kowa Kawu ne, kowa na da ikon aiken ɗan kowa. Wannan zumunci shi ke riƙe da mu a baƙon gari, ba na zaginsa. Amma ta ƙofarsa ɓarna ke shigowa. Don haka nake koyar da dokar aike: in an aike ka, ka miƙa saƙo daga bakin ƙofa. In an ce shigo ka ajiye a kan gado, ka ce, "Umma ta hana ni shiga ɗaki," ka ajiye a nan ka juya. Yaro ya jingina da Umma, ya fi masa sauƙi da ya ce shi ne ya ƙi. Masu talla kuma su tafi bibbiyu, kuma ciniki a waje ake yi, ko da mai saye ya ce zai juye farantin duka.

Sai maganar sirri. Na raba musu shi biyu. Akwai albishir, kamar an saya wa Umma atamfar sallah an ce kada a faɗa sai ranar, wannan yana da ranar fashewa kuma kowa zai yi murna. Akwai kuma sirrin da aka ce kada ka taɓa faɗa, aka haɗa da alewa ko naira ɗari biyu ko barazana. "In kin faɗa zan kashe ki." "In ka faɗa babarka za ta mutu." "Ba wanda zai yarda da kai." Nakan furta waɗannan kalmomin a aji da bakina, don ranar da yaro ya ji su daga wani ya gane su. Sai in ce: duk wanda ya faɗa muku haka tsoro yake ji, kuma wannan sirrin shi ne wanda ake faɗa a ranar.

Abu mafi wuya shi ne cewa a'a. Mun raini yaranmu a kan kada su ɗaga ido su kalli babba, kada su mayar da magana. Yanzu kuma muna so 'yar shekara bakwai ta daka wa mai gemu tsawa. Ba za ta iya ba sai an yi ta gwadawa. Nakan ɗauki 'yar tsana in zama mai kiran, yara su amsa a madadinta, don kada a taɓa jikin kowa a wasan. Karon farko "a'a" ɗin da ke fitowa ko ƙuda ba zai kora ba. Sai mu fita fili. Ƙafa a ware, hannu a gaba, murya daga ciki: "A'a! Bari! Zan faɗa!" Sannan gudu zuwa inda mutane suke. Mukan maimaita har mai gadi ya leƙo.

Kuma a koya musu ihu da harshen gari. Yaro na kururuwa da Hausa a Oshodi, masu wucewa za su ɗauka uba ne ke fama da ɗansa mai taurin kai. Da Yarbanci ana cewa "E gba mi o!", wato ku cece ni. Da buroka ya ce "No be my papa!" Kalmomi kaɗan ne, amma su ke sa 'yan kasuwa su ajiye abin da suke yi.

Kowane zama da wannan jimlar nake rufe shi, su maimaita: in wani ya yi mini, ba laifina ba ne. Maza ma su faɗa. Ana lalata da yara maza, kuma sun fi mata yin shiru.

Mataki na huɗu: yatsu biyar

Kowa ya ɗora tafin hannunsa a takarda ya zagaye da fensir. A kowane yatsa ya rubuta babban mutum ɗaya da zai iya kai wa ƙara. Aƙalla ɗaya ya kasance ba a gidansu yake ba. Kada ki zaɓa musu. Ki zagaya ki duba a nitse: yaron da ya kasa cika yatsu biyu, ko ya tsallake wani na kusa da shi ƙwarai, ki sa masa ido. Ka'idar ita ce in ka faɗa wa na farko bai saurara ba, ka wuce na biyu, har sai an samu mai ji.

Mataki na biyar: tashi daga makaranta da ɓacewa

Makaranta ta riƙe sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki kowane yaro, har da mai keke ko ɗan acaban da iyaye suka ɗauka haya. In wani dabam ya zo, a kira iyaye, ko da yaron ya ruga ya rungume shi. Kowane gida kuma su zaɓi kalmar sirri, wata aba mai ban dariya da ba za a cinka ba. Wanda ya ce "babanka ya yi haɗari, zo mu tafi," a tambaye shi kalmar. In babu, yaro ya koma cikin makaranta.

Wanda ya ɓace a kasuwa ko filin idi ya tsaya inda yake, domin nan za a fara nema. In ya daɗe, ya nufi mace mai rumfa ko mace mai goyo, ko jami'i mai kayan sarki kamar 'yan LASTMA masu kula da zirga-zirgar motoci a kan titi, ya ba da lambar da ya haddace a kira a gabansa. Ba ya bin kowa zuwa ko'ina. 'Yan aji huɗu zuwa shida su riƙe lambobin gaggawa na Legas, 112 da 767, kyauta ake kiran su. A gwada da wayar wasa: sunana kaza, ina wuri kaza, ga abin da ya faru. A kuma ja musu kunne cewa ba lambar gwaji ba ce.

Mataki na shida: haɗurran cikin gida

Zama biyu ya isa. Hayaƙin janareta na kashe mutane cikin barci, don haka ba a kunna shi a ɗaki ko a baranda da taga a buɗe kusa. In an ji warin gas, ba ashana, ba taɓa makunnin lantarki, a fita a kira babba. Ba a shan abin da ke cikin gorar lemo sai an tambaya, domin a cikinta ake zuba kananzir da maganin ƙwari. Rijiya da durom a rufe, bokitin ruwa ma na iya halaka mai rarrafe. In wuta ta kama riga, a tsaya, a kwanta, a yi birgima. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake zuba mata na kamar minti ashirin. Ba manja, ba ƙwai, ba man goge baki, duk da na san kakanni za su yi mini ca.

Ranar da yaro ya faɗa

In kika yi darussan nan da gaske, wata rana wani zai zo. Tawa ta zo ne lokacin tara, kowa ya fita, ita ta tsaya tana goge allon da aka riga aka goge. Ta ce, ba ta kalle ni ba, "Malama, in mutum ya karɓi alewar fa, ya riga ya shanye?"

Abin da fuskarki ta yi a wannan daƙiƙar shi ne komai. Kada ki yi salati da ƙarfi, kada ki dafe ƙirji. Ki zauna daidai tsayinta. Na ce mata, "Alewa ba ta sa ya zama laifinki. Faɗa mini, ina jin ki." A bar yaro ya faɗa da kalmominsa. Tambaya ta zama irin "sai me ya faru?", kada a sa masa suna ko magana a baki. Kada a ce "me ya kai ki?" ko "me ya sa ba ki faɗa tun tuni ba?" Kada kuma a yi alkawarin rufe zancen. A ce, "Zan faɗa wa waɗanda za su taimake ki kaɗai." Da ta fita, ki rubuta abin da ta faɗa kalma da kalma, da rana da lokaci, ki kai wa shugaban makaranta a ranar. Ba a zancen a ɗakin malamai. Ba a kiran wanda ake zargi a yi masa titsiye, kuma in a gidan yake, a yi tunani sosai kafin a zaɓi wanda za a fara kira.

In abin bai daɗe da faruwa ba, asibiti ne farko. Kada a yi wa yaro wanka, kada a wanke kayan da ke jikinsa, a sa su a takarda maimakon leda. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, don haka kwana uku na shawarwarin dangi na iya cinye damar. Cibiyar Mirabel da ke asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, wadda aka buɗe a 2013, tana duba waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta, kuma daga Agege ba nisa. Hukumar jihar mai yaƙi da cin zarafi a gida da fyaɗe, DSVA, tana da lambar kyauta, 08000 333 333.

Daga nan za a fara zuwa miki da maganar rufin asiri. Za a ce yarinya ce, wa zai aure ta in zance ya fita. Za a ce mu baƙi ne a garin nan, kada mu tona wa junanmu asiri gaban Yarbawa. Za a ce dattawa su zauna, a sa wanda ake zargi a mota ya koma Arewa. Sulhun dattawa na da wurinsa, rikicin rumfa da bashi da faɗan maƙwabta. Wannan ba ya ciki. Wanda aka sa a mota, akwai yara a garin da zai sauka. Legas ta kafa dokar kare haƙƙin yara tun 2007, dokar laifuffuka ta jihar ta 2015 ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da yaro ko yarinya, kuma tsarin kare yara da jihar ta fitar a 2016 ya ɗora wa makarantu nauyin kai rahoto. Asirin da ya wajaba a rufa shi ne sunan yarinyar, kuma wannan ana iya rufe shi ana kuma bin shari'a.

Makarantar kanta, da gwaji

A zagaya a duba da idon mugu. Bayin maza da na mata a rabe, da ƙofa mai rufuwa, ƙanana su je bibbiyu. Malami ba ya keɓewa da ɗalibi ɗaya a rufaffen aji, ko darasin bayan tashi ne, ƙofa a buɗe. Sabon ma'aikaci, har mai gadi da direba, a bincika inda ya baro da dalilin barinsa.

Ƙarshen zango sai gwaji, ba na takarda ba. Da sanin iyaye da shugaban makaranta, na roƙi wata ƙawata da yaran ba su sani ba ta tsaya a bakin ƙofa lokacin tashi, da hijabinta da ledar biskit, ta ce wa 'yan ajina ɗaya bayan ɗaya Ummansu ce ta aiko ta. Ina laɓe a bayan tagar ofis. Na yi wata uku ina koyarwa, na tabbata ba wanda zai bi ta. Huɗu daga cikin goman farko suka kama hannunta. Da na tambayi ɗaya daga baya, ya ce, "Malama, ai mace ce, kuma Hausa take yi." A duk wasannin da muka yi, da muryar namiji nake yin mugun.

Zango na gaba na canza 'yan wasan: wata rana tsohuwa, wata rana budurwa mai fara'a, wata rana yaro ɗan sakandare. Da ƙawar tawa ta biyu ta zo gwaji, 'yar nan da ta ce ba a faɗin sunan Baba ta ja baya taku biyu, ta riƙe igiyar jakarta, ta ce, "Anti, ina wuni. Mece ce kalmar?"